Ana fasa batir a bayan gidanmu: shin yarana na cikin haɗarin gubar dalma?

Wani magidanci ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya ji a rediyo wai yaro ɗaya cikin kowane uku a duniya yana ɗauke da gubar dalma a jininsa, shi kuwa a saninsa wannan bala'in na ƙauyukan Zamfara ne, inda ake haƙar zinariya. A birni yake zaune, sai dai a bayan gidansu akwai wani fili da ake fasa tsofaffin baturan mota da na sola, a narka abin da ke ciki. Yaransa lafiyarsu ƙalau, suna ci suna wasa. Ya ce: akwai abin damuwa, ko kuwa tsoratarwa ce kawai?

Malam, akwai abin damuwa, kuma lafiyar da kake gani a jikin yaran ba ta isa shaida ba. Alƙaluman da ka ji ba na ƙarya ba ne. Asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth ne suka fitar da su a 2020, inda suka ƙiyasta cewa yara har miliyan 800 suna da dalmar da ta kai ko ta wuce maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini, wato ma'aunin da ake auna yawan dalma a jini da shi. Riƙe wannan lamba ta 5, don za mu yi ta komawa kanta. Yara miliyan 800 kuwa ba a bakin ramin zinariya suke zaune ba. Suna cikin unguwanni irin taku, galibinsu ba su taɓa kwanciya asibiti saboda wannan ba, iyayensu kuma ba su san da zancen ba.

Bari mu fara da Zamfarar da ka sani, domin ita ce ta sa mutanenmu suka ɗauka cewa gubar dalma sai ta kashe ake kiranta guba. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Tun kafin yaran, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Da aka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, sai aka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun rasu cikin shekara guda. Na'urar gwajin da aka je da ita iyakarta 65, jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. Dalili shi ne dutsen zinariyar yankin cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Yara kusan 400 suka tafi. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Wannan shi ne can ƙololuwar abin. Na birni yawanci ba ya zuwa da jijjiga. Yaro mai 8 ko 12 ko 20 a jininsa yana gudu yana dariya kamar kowa. Ɓarnar a ƙwaƙwalwa take, kuma sai an kai shi makaranta take bayyana, a ce ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, yana da saurin fushi, a yi ta dukansa kan abin da ba laifinsa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Abin da ya fi ba mu mamaki a wannan fanni shi ne asarar basira ta fi sauri a ƙananan lambobi: binciken da ya haɗa bayanan yara daga ƙasashe da dama a 2005 ya nuna tashin dalma daga wajen 2 zuwa 10 yana tafiya da maki kusan 4 na ma'aunin kaifin basira, fiye da abin da ake ƙara rasawa daga 10 zuwa 20. Shi ya sa hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi ta sauko da lambar da take cewa a fara bincike a kanta, har ta kai 3.5 a 2021.

Me ya sa yara, ba manya ba? Jiki ba ya buƙatar dalma ko ƙwayar zarra, amma ta yi kama da kalsiyam mai gina ƙashi da sinadarin ayon mai ƙara jini, sai hanji ya karɓe ta kamar yadda ɗan kasuwa ke karɓar jabun kuɗi cikin duhu. Yaro mai girma yana neman waɗannan sinadarai ruwa a jallo, don haka daga abin da ya haɗiya yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa. In yana da ƙarancin jini, ko cikinsa babu abinci, tsotsar ta ƙaru. Ga shi tsawonsa bai wuce inda ƙura ke kwanciya ba, hannunsa kullum daga ƙasa sai baki. Dalmar da ta shiga jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma ba duka ke fita ba. Mafi yawanta ƙashi da haƙora take komawa ta zauna shekaru gommai. Yarinyar da ta sha ƙurar dalma tana shekara 2, in ta girma ta ɗauki ciki, ƙashinta zai saki kalsiyam don ɗan tayi, dalmar ta biyo shi ta ratsa mahaifa.

Yanzu ga batun filin bayan gidanku, wanda shi ne ya sa ban yi maka sassauci a amsar ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa. Da yawaitar sola da inbata da Keke Napep da janareta, tsofaffin batura sun zama haja mai tsada a hannun 'yan gwangwan. Ka tsaya ka kalli yadda ake aikin. Ana sara murfin batir da adda ko gatari, a tuntsurar da ruwan batir a ƙasa ko a kwata, a zaro allunan ciki. A jikin allunan nan akwai wani abu kamar busasshen taɓo, wani ruwan ƙasa-ƙasa, wani toka-toka. Wannan ma dalma ce, kuma ita ta fi haɗari, don da ta bushe sai ta zama gari mai laushi da iska ke ɗauka. Sai a zuba allunan a tukunya ko rabin duro a hura wuta, hayaƙi ya tashi da ƙananan ƙwayoyin dalma, ya sauka kan rufin kwano, kan shanya, kan garin tuwon da aka baza, kan randar da ba a rufe ba. Dattin da ya taso saman narkakkiyar dalma a kwashe a watsar gefe. Ba wari mai tayar da hankali, ba launi, kuma dalma ba ta ruɓewa. Inda ta sauka nan take, sai dai in an kwashe ƙasar.

Abin da ya faru a Dakar ya fi kusa da halinku fiye da Zamfara. A unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye-sur-Mer, a gefen babban birnin Senegal, an daɗe ana fasa batura har yashin unguwar ya cika da ɓurɓushin dalma. Da farashinta ya tashi, sai mata suka shiga ɗibar yashin a buhu suna kaiwa gida suna tankaɗewa, su ware dalmar su sayar, goyo a baya, masu rarrafe a gefe. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar, kafin a gane musabbabin. A Mombasa ta Kenya, masana'antar narka batura da aka kafa a tsakiyar unguwar Owino Uhuru ta gurɓata mazauna wurin, har wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Phyllis Omido, wadda ɗanta ya kamu, ta jagoranci fafutukar da ta kai ga rufe shi a 2014. A Kabwe ta Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma har yau yaran unguwannin da ke kusa da tulin dattin ana samun da yawansu da lambobin da suka wuce 45, wato matakin da ake ba da magani. Shekara talatin da rufe wuri, ƙasa ba ta manta ba.

Kada kuma a ɗauka abin na ƙasashen talakawa ne kaɗai. A Afrilun 2014 birnin Flint na jihar Michigan a Amurka ya koma ɗibar ruwan sha daga kogin garin don rage kashe kuɗi, ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, ruwan ya cinye tsofaffin bututun dalma ya shigo da ita famfunan gidaje. Jami'ai suka yi ta cewa ruwa lafiya lau, sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta kwatanta sakamakon jinin yaran garin kafin canjin da bayansa a 2015, ta nuna adadin masu dalma fiye da 5 ya kusa ninkawa. Ka lura, da gwajin jini ta kama su. Da a ce ba a saba gwada yaran garin ba, da babu abin da za ta kwatanta. Mu a nan wannan gwajin ba ya cikin abin da ake yi wa yaro a asibiti in ba an nema ba, kuma a ganina wannan shi ne babban giɓin da muke da shi.

Ko da babu batir a bayan gida, akwai wasu ƙofofin, kuma gara in faɗa maka su tunda ka tambaya.

Kwalli na farko, ko da yake na san maganar ba ta yi wa iyaye mata daɗi. Dutsen kwallin nan mai ƙyalli da ake niƙawa, mafi yawan wanda ke kasuwa tamar dalma ce tsagwaronta. A 2011 wani asibitin yara a Boston ya sami jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Najeriya, da 13 a jininsa. Gidansu babu tsohon fenti, babu komai. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, wanda aka kai daga Najeriya, kusan kashi 83 cikin 100 dalma ne. Ba ta ido take shiga jini kai tsaye ba. Yaro ya murza ido ya sa hannu a baki, hawaye kuma ya gangara da ita ta hanci zuwa maƙogwaro. Ba ina jayayya da asalin sa kwalli ba ne, ina magana ne kan abin da ke cikin tandun yau, wanda ba mai iya bambance shi da ido. Jariri dai a bar masa idonsa haka.

Sai fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo da kore, irin wanda ake shafa wa ƙofofi, tagogi, gadon yara da lilon makaranta. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma gwaje-gwajen da aka yi kan fentin kasuwannin Najeriya sun sha samun waɗanda suka ninka haka sau ɗaruruwa. Yana jikin bango lafiya ba ya cutarwa sosai. In ya tsufa ya fara ɓarewa, ko aka kankare shi a bushe za a sake sabo, nan ne yake zama ƙura. Sai tukwanen da maƙera ke zubawa daga tarkacen gwangwani da kayan injin mota: binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci, abin ya fi yawa in girkin mai tsami ne. Miyar yakuwa, kunun tsamiya, zoɓo, tumatir, kada a bar su su kwana a irin wannan tukunya. A Bangaladash kuma an gano masu sarrafa gangamau, wato kurkum, suna zuba masa wani launin rawaya mai dalma don ya yi kyau a ido, sai da hukuma ta shiga kasuwanni da na'urar gwaji tana cin tara daga 2019, cikin shekara biyu abin ya kusa ɓacewa. Man fetur mai dalma an daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021, sai dai abin da motoci suka fesa na shekaru yana nan a turɓayar gefen manyan tituna da tsofaffin tashoshi.

Sauran ƙarafan masu guba ba zan daɗe a kansu ba. Zaiba tana cikin wasu mayukan bilicin, kuma uwa mai shafawa tana gogar da ita a jikin jariri da tawul da zanin gado, ga tururinta in ana ƙona ta wajen tace zinariya. Kuromiyam yana fita da ruwan masana'antun jima, irin na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, ruwan kuma wasu na ban-ruwan lambu da shi. Inda ake ƙona wayoyi da tarkacen kwamfuta don a ciro jan ƙarfe, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbloshie ta Accra, hayaƙin ya haɗa dalma da kadmiyam da wasu. Amma a yawan yaran da abin ya shafa, babu wadda ta kama ƙafar dalma.

To me za ka yi? Ka fara da gwajin jini, na duk yaran, musamman waɗanda ba su kai shekara 6 ba, da mai ɗakinka in tana da ciki ko tana shayarwa. Ka je babban asibiti ko asibitin koyarwa ka faɗa wa likita ƙarara cewa ana narka batir kusa da gidanku, kana son a auna dalma a jini, don in ba ka faɗa ba da wuya ya kawo ta a ransa. In da ɗan yatsa za a ɗiba, a wanke hannun yaron da sabulu sosai tukuna, domin ƙurar da ke kan fata tana iya ɗaga lambar, kuma in ta fito da yawa a tabbatar da jinin jijiya. Daga 5 zuwa sama, aikin shi ne a nemo inda take fitowa a toshe, a duba ƙarancin jini, a sake gwaji bayan 'yan watanni. Daga 45 ake maganar maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari, irin wanda MSF ta ba dubban yara a Zamfara. Yaron da ke amai, ciwon ciki mai tsanani, yawan barci, tangaɗi ko jijjiga, wannan ba a jira, asibiti a ranar.

Game da maganin nan akwai abu biyu da nake so ka sani, don mutane na ɗora masa buri fiye da ƙarfinsa. Yana ceton rai in lambar ta yi sama, amma ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. An gwada shi a Amurka kan yara masu 20 zuwa 44, lambar jininsu ta sauka, basirarsu ba ta ƙaru ba. Na biyu, ba shi da amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Shi ya sa a Zamfara aka ƙi fara magani a ƙauye sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje, kuma shi ya sa yaran ƙauyen Bagega na can suka yi ta jira har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin bayan matsin lamba. Madara ba ta wanke dalma, duk da abin da ake faɗa a garejoji. Tafasa ruwa ba ya kashe ta, sai ma ya ƙara tattara ta. Jiƙe-jiƙe da magungunan "wankin jini" na kasuwa kuwa, wasunsu su ma an sha samun ƙarafa masu guba a ciki.

Kafin sakamako ya fito akwai abin da za a fara yau. A daina shara a bushe, a yayyafa ruwa tukuna, ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, har da dokin ƙofa da bakin taga. Mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma mai wankuwa, kada a ajiye shi a turɓaya. A wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci da kafin barci, a yanke musu farce. Takalma su tsaya a ƙofa. A rufe randa da abinci, a daina shanya hatsi ko kayan miya a ɓangaren da hayaƙin ke bi. A hana yara zuwa filin kwata-kwata, kuma kada a shigo da fankon batir gida a mai da shi kujera ko mazubin ruwan kaji, abin da na ga ana yi ba sau ɗaya ba. A ba su abinci a kan lokaci, da wake, hanta, ƙwai, kifi, zogale, da ɗan lemo ko goba, saboda cikin da ya ƙoshi da ayon da kalsiyam ba ya tsotsar dalma kamar wanda yake wayam. Duk wannan ragewa yake yi, ba ya maye gurbin tashin filin.

Tashin filin kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ban ba ka shawarar ka je da faɗa ba. Mai sana'ar nan abincinsa yake nema, kuma da za a gwada, shi da yaransa za a fi samu da lamba mai yawa, tunda yana komawa gida da ƙurar a riga da gashi da takalmi, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka. Ka fara da maƙwabta masu ƙananan yara, ku gwada naku, ku ɗauki takardun sakamakon ku je wurin mai unguwa. Takarda mai lamba ta fi dogon bayani tasiri. Daga nan sai duba-gari na ƙaramar hukuma, ma'aikatar muhalli ta jiha, da ofishin NESREA, wadda ita ke da alhakin sa ido kan irin wannan sana'a a Najeriya. Abin da za ku nema a fili yake: a daina fasawa da narkawa a cikin unguwa. In tara batura zai yi ya sayar da su a rufe ba tare da ya huda ba, wannan da sauƙi, muddin yana ajiye su a kan siminti, ƙarƙashin rufi.

In Allah ya sa ya tashi, kada ku ɗauka an gama, kuma kada a bar yara su mai da wurin filin ƙwallo. A Zamfara saman ƙasa ake kankarewa, kamar santimita 5 ko fiye in gwaji ya nuna, a kai ramin da aka tanada a binne, a zubo sabuwar ƙasa mai tsabta. Masu kankarewar su jiƙa wurin tukuna, su rufe hanci, yara da masu ciki su yi nisa, ƙasar kuma kada wani ya kwashe ta ya yi cikon gida ko ya buga bulo da ita. In kwashewar ta gagara, a malale wurin da siminti, haka ma tsakar gidajen da ke jikinsa. Bayan wata uku a sake gwada jinin yaran a ga ko lambar ta fara sauka.